Komawa Karatu da Girma Ga Mai Fama da Amosanin Gaɓɓai: Jagora Ga Mutanen Zangon Akara

A Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango da Madina akwai manyan mutane, maza da mata, waɗanda suka ajiye karatu tun suna da ƙuruciya saboda aure ko kasuwa ko rashin kuɗin makaranta, yanzu kuma da 'ya'ya suka kawo ƙarfi suna son su koma su ƙarasa abin da suka bari. Daga cikinsu akwai masu fama da amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci suke kira rumatoyid, kuma saboda su aka rubuta wannan jagora. Tushen shawarar da ke cikinta ɗaya ne: kada ku tsara karatunku bisa ƙarfin da kuke ji a ranakun sauƙi, ku tsara shi bisa makonnin da ciwon zai tashi, domin zai tashi, kuma ba ya duba jadawalin jarrabawa kafin ya zo.

Mataki na farko: a kwantar da ciwon kafin a sayi takardar neman shiga

Wannan cuta ta sha bamban da ciwon gwiwa na tsufa, wanda yake zuwa idan guringuntsi ya zaizaye saboda shekaru da nauyin jiki. A nan garkuwar jiki ce da kanta take kai hari ga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya sage. Takan fi kama ƙananan gaɓɓai na yatsu da wuyan hannu da ƙafafu, dama da hagu a lokaci guda, kuma babbar alamarta ita ce sagewar safe da takan wuce rabin sa'a, wani lokaci har sa'a guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne, kuma fiye da rabinsu sun haura shekara 55. Gaɓɓan da ta fi so su ne waɗanda ɗalibi yake riƙe alƙalami da su, shi ya sa asibiti yake gaba da makaranta a wannan tsari.

Idan har yanzu maganin kashe zafi kawai kuke saye a shagon magani, ku nemi likitan asibitin unguwa ya ba ku takardar turawa zuwa sashen cututtukan gaɓɓai na Asibitin Koyarwa na Korle Bu. A can za a duba gaɓɓan, a ɗauki jini don gwaje-gwajen da suke nuna alamar cutar da yawan kumburi, irin su anti-CCP da ESR da CRP, sannan a ɗora ku a kan maganin da yake danne cutar daga tushe. Wanda aka fi farawa da shi shi ne metotirekset, akan kuma haɗa shi da haidiroksikulorokwin ko salfasalazin. Waɗannan magunguna ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji bambanci sosai. Saboda haka wanda aka ɗora a kan magani a wannan watan, hikima ita ce ya ba jikinsa wata uku zuwa shida kafin ya ɗaure kansa da karatun da yake da ranar jarrabawa.

Akwai abubuwa game da metotirekset da ya wajaba kowane ɗalibi ya riƙe su da kyau. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma shan sa kullum bisa kuskure yana iya halaka mutum. Ana ba da folik asid, wani nau'in bitamin, tare da shi, a sha a wata rana dabam kamar yadda likita ya tsara. Mutane da yawa sukan ji tashin zuciya da kasala a ranar da suka sha da kuma washegarinta, don haka ku zauna da likita ku zaɓi ranar da ba ta rigayi ranar aji ba. Wanda yake da darasi ranar Asabar zai fi jin daɗi idan ranar maganinsa Litinin ce ko Talata. Kada a haɗa shi da Septrin, wanda mutanenmu suke saye ba tare da takardar likita ba idan tari ko gudawa ya kama su, domin haɗuwar biyun tana iya karya jini ƙwarai. Mace mai juna biyu ko mai niyyar haihuwa ba ta shan metotirekset. Gwajin jini da na hanta da ake sa ku yi lokaci-lokaci ba ɓata kuɗi ba ne, kuma dalilin da ya sa ake kula da hanta shi ne dalilin da zai sa ku yi hattara da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a cikin tirotiro, wato motocin haya, da tashoshin mota da sunan maganin sanyin ƙashi. Duk abin da kuke sha, na gargajiya ko na asibiti, ku gaya wa likita.

Kafin ku bar asibiti ku nemi rahoton likita a rubuce, da hatimin asibiti, wanda ya faɗi sunan cutar, ya kuma bayyana cewa tana rage saurin rubutu da juriyar dogon zama da hawan bene. Wannan takarda za ta yi muku aiki sau da yawa nan gaba. Ku kuma tabbatar katinku na inshorar lafiya yana da rai. Ana sabunta shi ta waya da lambar *929#, kuma waɗanda suka kai shekara 70 an ɗauke musu kuɗin shekara.

Mataki na biyu: zaɓen ƙofar shiga

Ƙofofin suna da yawa, kowa da inda ya tsaya. Wanda bai sami karatu da rubutu na boko ba, akwai azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙarƙashin hukumar ilimin manya ta gwamnati, kuma ofishin majalisar gunduma zai nuna masa wanda ya fi kusa. Wanda ya yi sakandare amma sakamakonsa bai cika ba, yana iya zana jarrabawar WASSCE ta masu zaman kansu, wadda kowa ya sani da Nov/Dec. Don shiga karatun digiri ana neman sakamakon A1 zuwa C6 a darussa shida, uku na tilas da uku na zaɓi. Sai dai ga mai ciwon hannu wannan hanya tana da nauyi, domin takardu ne masu yawa a jere, kowace da doguwar amsa.

Ƙofar da ta fi dacewa da yawancin manya ita ce ta ɗalibai masu shekaru, wadda Jami'ar Gana da sauran jami'o'i suke buɗewa ga wanda ya kai shekara 25. Akan yi ɗan gajeren kwas na share fage, sannan a zana jarrabawar shiga, wadda yawanci ta ƙunshi Turanci da lissafi da takardar auna tunani. Jami'ar Gana tana da sashen karatu daga nesa, tana kuma da reshe a cikin gari a Adabraka. Jami'ar Kef Kos da Jami'ar Ilimi ta Winneba da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi, wato KNUST, su ma suna da tsarin karatu daga nesa da cibiyoyi a Akara. Idan makarantar kuɗi ce kuka zaɓa, ku bincika ko hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu, ta amince da ita da kuma kwas ɗin kansa, tun kafin ku tura ko sidi ɗaya.

Wani abu da yake yawan tsayar da mutanen zango a wannan mataki shi ne saɓanin suna. Takardar haihuwa ta rubuta suna da wani harafi, katin ɗan ƙasa ya rubuta da wani, tsohuwar takardar makaranta kuma ta ɗauki sunan kaka a matsayin sunan uba. Ku jera takardun a gabanku tun da wuri, idan sun saɓa ku yi takardar rantsuwa ku gyara, domin yawo tsakanin ofisoshi a makon ƙarshe na rufe karɓar takardu ba aikin mai ciwon ƙafa ba ne.

Mataki na uku: ku je ku ga wurin da ƙafarku

A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi yanke hukuncin ko mutum zai ɗore. Sunan jami'a ba ya hawa bene a madadinku. Kafin ku biya kuɗi, ku ware rana ɗaya ku yi tafiyar tun daga ƙofar gida har zuwa ajin, a daidai lokacin da za ku riƙa yin ta. Ku lura da yawan motocin da za ku canza, da tsawon tsayuwa a layi a tashar Circle ko ta 37 ko ta Madina, da tsayin matakin tirotiro, da kuma ko za ku iya samun kujerar gaba inda ba a lanƙwashe gwiwa ba a kuma sauka don wani ya wuce. Harabar Legon, wato babbar harabar Jami'ar Gana, tana da faɗi kuma tana kan tudu, tsakanin wani aji da wani akwai tafiya; wanda yake zaune a Nima ko Sabon Zango yana iya ganin Adabraka ta fi masa sauƙi ko da kwas ɗin da ya fi so yana can sama.

Da kun isa, ku tambayi a bene na nawa ake darasi, ko akwai na'urar hawa kuma ko tana aiki, ku duba banɗaki ko na zama ne ko na tsuguno, ku gwada kujerar ajin. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, wato doka ta 715, ta wajabta a sauƙaƙa shiga gine-ginen jama'a, ta kuma hana a ƙi ɗaukar ɗalibi saboda nakasarsa; wa'adin shekara goma da ta bayar don gyara tsofaffin gine-gine ya cika tun 2016, amma kowa ya san gine-gine da yawa suna nan yadda suke. Saboda haka dokar hujja ce a hannunku idan za ku nemi a sauko da aji ƙasa, ba tabbaci ba ce cewa za ku tarar an riga an shirya.

Karatu daga nesa yana rage zirga-zirga, amma yana da nasa nauyin: darussan ƙarshen mako sukan zama dogon zama na sa'o'i a jere, kuma ranar Lahadi ita ce ranar ɗaurin aure da addu'a a zango. Sai mutum ya yanke shawara tun farko a kan waɗanne taruka ne zai halarta da kansa, waɗanne kuma zai aika wakili da gudummawa.

Mataki na huɗu: rabon ƙarfi a cikin yini

Gajiyar wannan cuta ba lalaci ba ce, kumburin da ke cikin jiki ne yake jawo ta, wani lokaci kuma ƙarancin jini yana ƙara ta. Ƙarfin yini kamar kuɗin mitar wuta ne da aka saya tun da safe: abin da aka ƙone a wanki da tuƙa tuwo da cinikin kasuwa ba zai dawo don karatun dare ba. Don haka sai an yi magana a fili da mutanen gida. Uwa ta tara 'ya'yanta ta ce musu, “Daga wannan wata wanki da ɗaukar ruwa da cefanen Asabar sun koma hannunku, ni kuma zan riƙe girkin da ba ya buƙatar tuƙi.” Wanda ya ɓoye wa iyalinsa nauyin karatun yakan ƙare yana yin aikin gida cikakke da karatu rabi.

Yawancin ɗalibai ana ba su shawarar karatun asuba, amma ga mai wannan ciwo asuba ce lokacin da yatsu suka fi sagewa. Ku yi alwala da ruwan ɗumi, ku tsoma hannuwa a cikinsa na minti 10 zuwa 15 kuna buɗe yatsu kuna rufewa a hankali, sannan ku ba safiya aikin da ba ya son hannu, kamar sauraron darasin da aka naɗa ko maimaita abin da aka haddace. Rubutu da lissafi ku ajiye su zuwa hantsi ko bayan la'asar, lokacin da gaɓɓai suka saki. Ɗumi yana taimakon sagewa, amma gaɓar da ta kumbura tana zafi ta fi son sanyi, kamar ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na ɗan lokaci.

Kada zama ɗaya ya wuce minti 25 zuwa 30 ba ku miƙe kun ɗan taka ba, domin gaɓar da ta daɗe a wuri ɗaya takan ƙage. Wannan gajeren zama ya ma dace da yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu: a karanta kaɗan, a rufe littafi, a faɗi abin da aka gane da baki, a sake waiwayarsa gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san amfanin tilawa, kuma hanyar tana aiki a kan tarihi da tattalin arziki kamar yadda take aiki a kan hadda. Babu buƙatar a kwafe littafi sau uku da hannu mai ciwo.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba. A naɗe biro da soso ko filasta har ya yi kauri, domin siririn alƙalami yana sa a matse yatsu. A zaɓi mai tawada mai gudu wanda ba ya son dannawa. Abin ɗora Alƙur'ani na katako yana ɗaukar littafin makaranta ma, idan aka aza shi a kan tebur sai ya ɗauke wa hannu riƙo, ya kuma ɗauke wa wuya sunkuyo, wanda yake da muhimmanci domin cutar takan taɓa gaɓɓan saman wuya. Kujera ta zama mai hannu kuma mai ɗan tsayi yadda tashi zai yi sauƙi, tafin ƙafa yana ƙasa. Jaka a rataya ta a baya ko a dantse, kada a riƙe ta da yatsu, kuma a bar manyan littattafai a gida a ɗauki hoton shafukan da ake buƙata. Wayar hannu tana iya rubuta abin da kuka faɗa mata da Turanci, don haka doguwar amsar aikin gida a fara faɗin ta da baki, sannan a gyara da hannu. Idan yatsu suna yin kamar ana tsira musu allura ko suna mutuwa da dare, ku gaya wa likita, domin kumburin wuyan hannu yana iya danne jijiya, kuma masu gashin ƙashi na asibiti suna da abin tallafe wuyan hannu da yake taimakawa. Haka nan idan ido yana bushewa ko yana yin yaji wajen karatu, wannan ma yana tafiya da cutar, kuma mai shan haidiroksikulorokwin yana buƙatar gwajin ido lokaci-lokaci.

Mataki na biyar: ku nemi sauƙin jarrabawa tun makon farko

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a jira sai hannu ya kumbura ana saura kwana biyu jarrabawa sannan a je neman alfarma. A lokacin an riga an raba ɗakuna, an tsara masu sa ido, kuma babu mai ikon canza komai. Da zarar kun yi rajista, ku nemi ofishin da yake kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, idan babu shi ku je wurin shugaban sashe ko mai kula da cibiyar, ku miƙa wasiƙa tare da kwafin rahoton likita. Ku faɗi abin da kuke nema dalla-dalla: ƙarin lokaci, izinin tsayawa a miƙe hannu a tsakiyar takarda, ɗaki a ƙasa, kujera mai kyau, da izinin amfani da kwamfuta ko wanda zai rubuta muku idan ciwon ya tsananta. Ku sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinku ku adana, kuma ku koma ku tuna musu ana saura wata guda. Wasu manya suna jin nauyin wannan, suna cewa ba sa so a ɗauke su nakasassu. Ƙarin minti kaɗan ba ya ƙara wa kowa sani. Yana ba hannu damar fitar da abin da kai ya riga ya sani ne kawai.

Ku kuma sanar da malaman darussa da kanku, cikin ladabi da taƙaitawa, ku nemi izinin naɗar darasi a waya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma yaran da za ku zauna da su sa'o'in 'ya'yanku ne. Ku sami biyu ko uku masu natsuwa ku shiga zauren WhatsApp nasu, su aiko muku da hoton allo ranar da ba ku zo ba, ku kuma ku taimake su da abin da shekaru suka koya muku.

Mataki na shida: tanadin makonnin tashin ciwo

A duk lokacin da jiki ya yi sauƙi, ku yi ƙoƙari ku riga jadawali da mako guda ko biyu, ku kuma sa wa kanku ranar miƙa aiki kwana uku kafin ainihin ranar. Wannan tazara ita ce za ku ci idan ciwon ya kwantar da ku. Ranar da ya tashi, ku rage aiki zuwa sauraro da ɗan karatu a kishingiɗe, ku aika wa malami saƙo tun kafin wa'adi ya wuce, ku tuntuɓi asibiti idan ya ƙi sauka. Kada ku ƙara wa kanku firedinisolon, maganin saukar da kumburi, don ku tsallake jarrabawa, kada kuma ku yanke shi farat ɗaya idan kun daɗe kuna sha. Yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana kuma hana barci idan aka sha shi da yamma. Magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak suna cin ciki da ƙoda idan aka yawaita, kuma ba a shan su da yunwa, abin da ya kamata a tattauna da likita kafin azumi ya kama, musamman idan watan ya haɗu da jarrabawa. Tun da magungunan suna rage ƙarfin garkuwa kuma aji wurin cunkoso ne, zazzaɓi ko tari mai daɗewa ko gyambon baki ko gaɓa ɗaya da ta yi ja ta yi zafi fiye da sauran duk dalilai ne na zuwa asibiti a ranar, ba bayan an gama takarda ba.

A lissafin kuɗi, ku fara ware na magani da gwajin jini da motar zuwa Korle Bu, abin da ya rage shi ne na makaranta da intanet. Ku tambayi asibiti abin da inshora take ɗauka da abin da za ku biya daga aljihu, ku kuma daidaita ɗaukar adashi da watan biyan kuɗin makaranta. Wanda ya yanke magani don ya biya kuɗin zangon karatu yakan rasa zangon da kuma gaɓar, domin lalacewar da kumburi ya yi wa ƙashi ba ta gyaruwa.

Idan ciwon ya ci makonni da yawa har kuka ga ba za ku kamo ba, kada ku ɓace daga makaranta shiru. Kowace jami'a tana da ƙa'idar jinkirta karatu saboda rashin lafiya, kuma tana cikin littafin dokokin ɗalibai da ake bayarwa lokacin shiga. Ku rubuta neman jinkiri kafin ranar da aka ƙayyade, ku haɗa da sabon rahoton likita, ku karɓi amsa a rubuce, ku kuma tambayi ofishin kuɗi ko abin da kuka biya zai bi ku zuwa zangon da za ku dawo.